Zubi Takwas a Maitama: Sharhi Kan Daren Baƙon Kuku

A 'yan shekarun nan manyan gidajen cin abinci na Abuja, musamman waɗanda ke Maitama da Wuse II, sun shigo da wata al'ada ta gayyato kuku daga wani gari ya karɓi kicin ɗinsu na dare ɗaya ko biyu, ya dafa abin da ya ga dama, su kuma su sayar da kujeru ƙididdigaggu tun kafin ranar. A irin wannan zama ba a miƙa wa mutum takarda ya zaɓi abin da ransa ke so. Kuku ne ke tsara jerin tun daga lomar farko har ta ƙarshe, a riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, zubi bayan zubi, duk wanda ke ɗakin yana cin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Zaman da nake sharhi a kansa an yi shi ne a wani gidan abinci da ke Maitama, baƙon kukun daga Legas ya zo, zubi takwas ya shirya, kuma an kwashe fiye da sa'o'i uku ana ci. Hukuncina shi ne mafi yawan jerin ya cancanci kuɗinsa, kuma ɓangaren da ya cancanta shi ne wanda aka dafa da kayan kasuwanninmu. Inda aka nemi burge mu da kayan da jirgin sama ya kawo, nan ne aka yi tuntuɓe.

Ba a nan aka ƙirƙiri tsarin ba. Masu dafa abinci na Faransa ne suka yaɗa shi a shekarun 1970, sa'ad da suka fara rage abin da ke cikin faranti suna ƙara yawan farantan, sannan Ferran Adrià ya kai shi maƙura a gidan abincinsa na elBulli da ke Sifaniya, inda akan jera wa mutum ƙananan zubi fiye da talatin a zama ɗaya, har zuwa lokacin da aka rufe gidan a 2011. Abin da ya ƙarfafa wa masu dafa abincinmu gwiwa kuwa a Landan ya faru. Gidan Ikoyi, wanda Jeremy Chan da Iré Hassan-Odukale suka buɗe a 2017 suna aiki da kayan ƙamshin Afirka ta Yamma, ya kai tauraro biyu na Michelin, wato alamar yabo da wani kamfanin Faransa ke ba fitattun gidajen abinci, a 2022. A 2024 kuma Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta samu nata tauraron a gidanta na Chishuru, inda sinasir ya kasance cikin abin da take ajiye wa baƙinta. Masu ba da tauraron ba su shigo Najeriya ba, saboda haka babu abin da ake nema a Maitama illa yardar mai ci, amma duk wanda ya dubi jerin daren nan zai gane cewa kukun ya san abin da ake yi a waɗannan gidaje, kuma yana auna kansa da su.

Ta WhatsApp ake kama kujera, a biya kuɗin gaba ɗaya kafin a rubuta sunan mutum, kuma an tambaye ni ko akwai abin da ba ma ci ko wanda jikinmu ba ya ɗauka, tambayar da na yaba da ita. Kuɗin kujera ɗaya ya haura naira dubu ɗari, wato ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, kuma ina ganin duk wanda zai yi sharhi a kan irin wannan abinci a garin nan bai kamata ya manta da wannan lissafi ba, domin shi ne ke ba mai ci haƙƙin ya tsananta bincike. Ƙorafina na farko a kan lokaci ne. An sa ƙarfe shida da rabi na yamma a matsayin lokacin zama, aka kuma gargaɗe mu cewa wanda ya makara zai rasa zubin farko. A Abuja wannan lokacin Magariba ne, ko ya ɗan gota ko ya ɗan rage gwargwadon watan da ake ciki, kuma aƙalla rabin waɗanda suka sayi kujerun masu salla ne. Gidan yana da ɗan ɗaki da darduma a baya, wanda ya isa mutum uku, don haka aka yi ta layi, kicin kuma ya riƙe zubin farko har kowa ya dawo. Da an ce ƙarfe bakwai da kwata, da babu wanda ya takura, har da kukun kansa.

Ɗakin ba shi da abin cewa sosai. Tebura ne kamar goma, fitilu masu laushi, kiɗa can ƙasa-ƙasa wanda bai hana hira ba, sai wata taga mai faɗi da ake hango kicin ta cikinta. Sanyin ɗakin ya yi yawa ga abincin da ake kawowa loma uku-uku, domin ɗan abu kaɗan a faranti mai faɗi ba ya jimawa yake hucewa.

An buɗe da masa ɗaya tak, wadda ba ta fi murfin kwalbar lemo girma ba, an ɗora mata garin kilishi da ɗigon zuma. Gefenta ya soyu ya yi ƙaras-ƙaras, cikinta ya yi laushi da rami-rami, kuma ɗan tsamin da ke nuna cewa ƙullun ya kwana ya tashi da kansa yana nan. Kilishin an daka shi ne ba a niƙa ba, saboda haka ana jin labu da gyaɗarsa a haƙori. Loma ɗaya ce, amma ta sanar da mu cewa mai dafawar ya zauna da masu tuyar masa ya koya, ba a waya ya gani ba.

Zubi na biyu shi ne abin da ya fi komai a daren, kuma acca ce. Tare na je da yayata, wadda ta yi shekaru tana aure a Jos, ta ci gwaten acca da tuwonta har ta san mai kyau da marar kyau tun daga cokalin farko. Wahalar acca ba a wuta take ba, a wanki take: ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kusan girmansu ɗaya da yashin da ke biyo ta daga masussuka, don haka sai an rege ta ruwa bayan ruwa, kuma yashi ƙwaya ɗaya ya isa ya ɓata faranti. Yaya ta kai cokali, ta tauna a hankali tana sauraron haƙoranta, sannan ta ce mini, “Kai, wannan an sha wuya a kanta.” Kukun ya turara ta ne sau biyu, yana yayyafa mata romon ƙashi a tsakani, har kowace ƙwaya ta tashi ta ware daga 'yar'uwarta, sannan ya juya ta da man shanu da aka soya da albasa har ya yi ƙamshin nan da ake ji tun daga zaure. A kanta akwai ganyen rama da aka ɗan yi wa tsami, da soyayyen riɗi, da siraran yankan yalo. Tsamin ramar yana yanke maiƙon man shanun, riɗin yana ba haƙori abin yi, accar kuma tana ɗauke da su duka ba tare da ta yi nauyi ba. Babu wani abu a farantin da ba za a samu a kasuwar Farin Gada ta Jos ba, kuma babu wani abu a cikinsa da na taɓa ci a haɗe haka.

Ya kamata a faɗi cewa acca ta jima da fita daga sahun abincin da ake rainawa. Pierre Thiam, kuku ɗan Senegal da ya yi suna a Amurka, ya shafe shekaru yana tallata ta ga Turawa. Fatmata Binta, Bafulatana haifaffiyar Saliyo da ke zaune a Ghana, wadda ke zaunar da baƙinta a kan tabarma ta ciyar da su abincin Fulani, ta lashe babbar kyautar dafa abinci ta yankin Basque na ƙasar Sifaniya a 2022, kuma acca na tsakiyar aikinta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, acca na cikinsu. Abin takaici shi ne mu da ake noma ta a Filato da Bauchi da kudancin Kaduna mun fi saninta a matsayin abincin da likita ke tura mai ciwon suga ya ci. Farantin daren nan ya nuna cewa ana iya cin ta don daɗi kawai.

Miyar kabewa ta biyo baya, an niƙa ta ta yi sumul, an ɗiga mata man gyaɗa da ɗan yakuwa. Taushe ce da aka cire wa ƙashi da tantaƙwashi, kuma da su aka cire mata rabin ranta. Ba ta da laifi, ba ta kuma da abin tunawa.

A zubi na huɗu kukun ya sake tashi tsaye. Giwan ruwa ne, wanda aka ce mana da safiyar ranar aka sayo shi a kasuwar kifi ta Kado, an gasa shi ta gefen fata kaɗai har fatar ta yi ƙaras, naman kuma ya tsaya fari yana rabuwa fallen-fallen da an taɓa shi da cokali. Abin da ya ɗaga shi shi ne romon da ke ƙarƙashinsa, na daddawa da tsamiya. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san daddawa tana da iko: kalwa ce da aka dafa, aka cire mata ɓawo, aka rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa ruɓewar da ake so, kuma idan hannu ya zarce, ita kaɗai za a ji a tukunya. Wannan kuku ya gasa ta tukuna a busasshen kasko har warin ya kwanta ya bar zaƙin, ya dafa ta da kan kifin da ƙashinsa, ya tace, ya gyara da ruwan tsamiya, ya rufe da ɗan man shanu mai sanyi don romon ya yi kauri da sheƙi. Sakamakon shi ne ɗanɗano mai zurfi da ke daɗewa a harshe, wanda mutum zai rantse ya san shi amma ya kasa cewa daga ina, sai da aka faɗa. Na tambayi mai kawo abincin ko an sa giya a romon, domin a dafuwar Faransa da ita ake yin irinsa. Bai sani ba, amma bai yi ƙarya ba. Ya ce, “Yallaɓai, bari in tambayo,” ya dawo da manajan gidan, wanda ya tabbatar mana cewa tun a tsarin jerin kukun ya maye gurbinta da tsamiya ga kowa da kowa. Wannan bayani ne da ya kamata a rubuta a takardar gayyata, ba sai an tambaya ba.

Daga nan aka yi shiru na kusan minti arba'in. Ta tagar kicin muna ganin baƙon kukun yana buɗe durowa yana rufewa, yana tambayar yaran gidan inda abu kaza yake, ɗaya daga cikin murahun kuma da alama ba ya ba shi wutar da ya saba da ita. Wannan ita ce matsalar da ke tattare da daren baƙon kuku a ko'ina: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa baƙo ya zo da mataimaki ɗaya ne, sauran hannayen duk na gidan ne, waɗanda jiya kawai suka fara ganin abincin da za su jera yau. Gidan da ya san abin da yake yi yakan kawo baƙon kwana biyu ko uku kafin ranar, a dafa jerin gaba ɗaya a gwada, ma'aikata su ɗanɗana kowane zubi don su iya amsa tambaya. A nan alamu sun nuna ba a yi haka ba, domin masu kawo abincin, duk da ladabinsu da tsabtarsu, haddar bayanin suka yi da Turanci, kuma da zarar an yi musu tambayar da ta fita daga haddar sai su koma kicin. Ko ɗan burodi ko gyaɗa ba a ajiye mana ba a tsawon jiran, kuma babu wanda ya zo ya ba da haƙuri sai da aka kusa kawo na gaba.

Abin da aka jira ɗin kuma shi ne mafi rauni a jerin. Kifin salmon ne da aka shigo da shi daga waje, an ɗora masa 'yan ƙwayayen kifi baƙaƙe, an zuba masa wani mai mai ƙarfin ƙamshi da aka ce na naman kaza ne, tsiron nan ba tsuntsuwa ba, na ƙasar Italiya. Kifin ya sha ƙanƙara, hakan kuma ya bayyana a yadda ruwa ke tsattsafowa daga jikinsa yana taruwa a gefen faranti, naman ya yi taushin da ba na dahuwa ba. Ƙamshin man ya danne komai, har ya bi mu cikin zubi na gaba. Na fahimci dalilin sa shi a jerin: akwai masu ganin cewa idan ba su ga abin da aka ɗauko daga Turai ba, to ba a ba su abin kuɗinsu ba, kuma gidan yana tsoron waɗannan mutane. Sai dai bayan giwan ruwan da ya kwana a ruwa shekaranjiya, kifin da ya yi makonni a firiza ba shi da abin da zai faɗa, kuma ina da yaƙinin cewa shi ya fi kowane zubi cin kuɗi.

Zabo ya dawo da mu hanya. Naman zabo ba shi da kitse, shi ya sa ƙirjinsa ke bushewa a hannun wanda bai iya ba. Kukun ya raba aikin biyu: cinyar ya dafa ta a hankali cikin man shanu har ta saki ƙashi, ya yage ta kamar dambu, ƙirjin kuma ya jiƙa shi a ruwan gishiri, ya gasa shi a kan gawayi, ya shafe shi da yajin ƙuli mai citta da kanumfari da masoro. An haɗa shi da dankalin Turawa na Filato, irin ƙananan nan da ake kawowa daga Bokkos da Mangu, an gasa su da ɓawonsu. Yajin ya yi sanyi ga harshena, kuma na ji teburin da ke bayanmu ma suna faɗin haka. An rage barkonon ne don baƙin da ba su saba ba, alhali ana iya ajiye ɗan ƙari a gefe ga mai so.

A kan naman rago ne ɗakin ya rabu biyu. An kawo haƙarƙari biyu, bayansu ya gasu, cikinsu ja-ja-ja, yadda ake so a Turai. Naman mai kyau ne kuma ya yi laushi, romon dabino da kimba da aka zuba masa ya dace da shi, ni kuma na cinye nawa. Amma wani dattijo da ke teburin kusa da mu ya yanka nasa, ya duba, ya ajiye wuƙa, ya yafito mai kawo abincin ya ce, “Ɗana, mayar masa da shi, a ƙara masa wuta.” Yaron ya ce, “To, ranka ya daɗe,” ya ɗauka, kuma kafin ya kai ƙofar kicin wasu faranti huɗu sun bi bayansa, har da na Yaya. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Mutanen da suka tashi da balangu da tsire ba jahilan nama ba ne, kuma kukun da ya san yadda zai lallashi daddawa ya isa ya san cewa a Abuja tambaya ɗaya tun a farkon zama, ko mutum yana son namansa ya dahu sosai, za ta raba shi da wannan kunya. A yaba masa dai, bai yi gardama ba, kuma naman da ya dawo bai bushe ba.

An rufe da fura da nono da aka mayar aiskirim, an yayyafa masa soyayyen gero da garin goruba. Tsamin nonon da yajin furar duk sun tsira daga sanyin, suga kuma bai yi yawa ba. Na fi son sa a kan duk wani kek da aka taɓa ajiye mini a gidajen abinci na garin nan.

Game da abin sha, an ba da zaɓi biyu: jerin giya ga masu sha, da jerin da babu barasa a cikinsa, kowanne da kuɗinsa daban. Na biyun muka ɗauka, kuma a nan ma an yi tunani. Zoɓo marar suga da aka jiƙa a ruwan sanyi ya zo tare da kifin, kunun aya mai ɗan gishiri ya raka accar, ruwan citta da lemun tsami ya biyo zabon. Zoɓon ne ya fi, domin da aka cire masa suga da kayan ƙamshin kanti sai ɗacinsa da tsaminsa suka fito suna wanke baki tsakanin loma da loma. Abin da ban gane ba shi ne yadda aka sa wa kofi huɗu na zoɓo da kunu kuɗin da ya kusa kai na giyar da aka biya wa kuɗin fito.

Tambayar da kowa ke yi a kan irin wannan abinci ita ce ko ana ƙoshi. Ana ƙoshi, amma sai wajen zubi na shida mutum zai fara yarda, kuma ƙoshin ba irin na tuwo ba ne da ke sa a nemi tabarma. Wanda ya zo da yunwar yini guda zai sha wuya a sa'ar farko. A ƙarshe kukun ya fito ya zagaya tebura, ya saurari ƙorafin naman da na jiran ba tare da ya kare kansa ba, kuma da Yaya ta tambaye shi wanda ya rege masa accar, sai ya kira wata mata daga cikin ma'aikatan kicin ɗin gidan ya ce aikinta ne, ta yini a kansa.

Takardar kuɗin ta zo da abin da ba a faɗa ba tun farko. Harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ake karɓa tun 2020, ba abin musu ba ne, amma an ɗora shi a kan kuɗin kujerar da muka ɗauka mun gama biya, aka kuma ƙara kuɗin hidima a kai, har da na ruwan kwalba da ba mu nema ba aka yi ta zuba mana. Wanda ya karɓi kuɗin mutum mako guda kafin ya ciyar da shi ya kamata ya faɗa masa jimillar tun a lokacin.

Zan koma idan wannan kuku ya dawo, da sharaɗin a matsar da lokacin zuwa bayan Magariba, a kuma cire kifin waje a sa wani abu daga Kado ko Filato a gurbinsa. Ga mai niyyar zuwa irin wannan zama, ya tambayi jimillar kuɗin har da haraji da na hidima kafin ya tura ko sisi, ya tambayi ko akwai giya a cikin dafuwar, ya faɗi yadda yake son namansa, kuma kada ya tafi da ƙananan yara ko baƙon da ke sauri. Idan an ba da zaɓi tsakanin dare na farko da na biyu, a ɗauki na biyu, lokacin da baƙon ya riga ya san inda cokulan gidan suke.